Dokar Sayen Tufafin Gida da Rabon Manomin Auduga a Cikinta

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, wataƙila ka sha jin sanarwa a rediyo cewa gwamnati ta umarci ma'aikatu da hukumominta su riƙa sayen kayan da aka yi a Nijeriya, musamman kakin ma'aikata. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, tambayar da manoma kan yi wa malaman gona ita ce: to, bana auduga za ta yi kuɗi ke nan? Amsar ba ta zuwa da kalma ɗaya. Tsakanin ofishin da ake sa hannu a takardar kwangila da gonarka akwai matakai biyar, wato gurza, kaɗi, saƙa, rini da ɗinki. Kuɗin gwamnati yana shigowa ne ta matakin ƙarshe, kuma yana iya tsayawa a nan bai taɓa gangarowa zuwa gona ba. Wannan darasi zai bayyana maka abin da ƙa'idojin suka ƙunsa, inda suka tsaya, da abin da ke hannunka kai da kanka.

Abin da ƙa'idojin suka ce

Tushen tsarin sayayyar Gwamnatin Tarayya shi ne dokar sayen kayan gwamnati ta shekarar 2007, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangiloli. Dokar ta ba da damar a yi wa ɗan kasuwar gida da kayan gida rangwame yayin kwatanta farashi da na waje. Dama ce aka bayar, ba tilas ba, shi ya sa shekaru suka shuɗe ba a ga tasirinta sosai a harkar tufafi ba.

A watan Mayun 2017, Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa, ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003. Umarnin ya jera wasu nau'o'in kaya, ciki har da kaki da takalma, abinci, kujeru, motoci da magunguna, ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatu ke kashewa a kansu ya tafi ga kayan da aka yi a gida. Ya kuma wajabta wa mai neman kwangila ya kawo bayanin da za a iya tantancewa na yawan abin gida da ke cikin kayansa.

A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya shigo cikin lamarin. A watan Maris ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga kasuwar gwamnati, ya faɗaɗa rancen manoma zuwa ga auduga, sa'an nan a watan Oktoba aka ƙulla yarjejeniya tsakanin masu kayan sarki, wato sojoji da 'yan sanda da sauran hukumomi masu sa kaki, da masu masaƙu da ɗinki, domin a riƙa samar da kakinsu a cikin gida. A watan Oktoban 2023 bankin ya ɗage wancan hani na kuɗin waje, ya kuma ja baya daga ba da irin wannan rance kai tsaye. Saboda haka kada wani ya yaudare ka da cewa tsarin 2019 yana nan yadda yake.

Na baya-bayan nan shi ne manufar fifita Nijeriya da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a watan Mayun 2025 ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu. Manufar ta ce kada wata ma'aikata ta sayi kayan waje alhali akwai irinsa a gida, sai da rubutaccen izini daga hukumar BPP.

Ina ake cewa an yi riga?

A nan ne gizo ke saƙar. Ka ɗauki rigar kaki guda ɗaya. An noma audugarta a wata ƙasa, an kaɗa zaren a wata, an saƙa yadin an rine shi a ƙasar Sin, aka shigo da shi a dila, tela ya yanka ya ɗinka a Aba ko Kano. Wannan riga, a bakin mutane da yawa, kayan gida ce. Telan ya samu aiki, kuma wannan abin farin ciki ne, ba na raina shi. Amma masaƙa ba ta juya ba, injin gurza bai tashi ba, kai kuma ba a sayi ko mudu ɗaya na audugarka ba. Umarnin 2017 ya yi maganar yawan abin gida da ke cikin kaya, amma bai gindaya sharaɗi ƙarara cewa audugar kanta sai an noma ta a ƙasar nan ba.

Domin ka ga bambanci, duba yadda Amurka ta tsara nata. Tun shekarar 1941 suke da wata ƙa'ida da ake kira Dokar Berry, wadda ta ɗaure Ma'aikatar Tsaronsu. Idan za a saya wa soja tufafi ko tanti ko yadi, dole ne a ce an noma audugar ko an samar da zaren a Amurka, an kaɗa a can, an saƙa a can, an ɗinka a can. Akwai togaciya ga ƙananan sayayya, da kuma kayan da aka tabbatar babu su a ƙasar. Masaƙun Amurka da yawa sun rufe tun daga shekarun 1990 saboda gasar kayan Asiya masu araha, amma waɗanda ke yi wa soja aiki suna da kasuwar da ba a iya ƙwace musu da arahar waje. Masu sukar dokar a can suna cewa tana sa gwamnati ta biya kuɗi fiye da kima, kuma tana rage gasa. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya. Abin da nake son ka lura da shi kawai shi ne dokar ta fara ƙirga tun daga gona, ba daga keken ɗinki ba.

A ra'ayina, wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyin manoman auduga su riƙe a duk zaman da suka yi da hukuma. Neman a ƙara kashi 40 ya koma 60 ko 100 ba zai amfani manomi ba matuƙar ma'anar kayan gida ta tsaya a ɗinki. Abin nema shi ne a rubuta a takardar kwangila cewa yadin daga masaƙar gida ya fito, zaren kuma daga audugar gida, tare da shaidar da za a iya bin sawunta har gidan gurza.

Wani ɗan lissafi

Bari mu yi lissafi na misali, domin kada mu ɗora wa dokar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. A ƙaddara riga da wando na kaki sun kai nauyin kilo 1, kuma auduga ce zalla. Saboda asarar da ake yi wajen kaɗi da saƙa da yanka, za a buƙaci gurzajjiyar auduga da ta ɗan haura kilo 1. Ka san kuma idan aka gurje audugar da ka kai kasuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ko ɗan fiye yake fitowa a matsayin tsantsar auduga, sauran angurya ce da datti. Ke nan kaki ɗaya zai ci kimanin kilo 3 da rabi na audugar gona. Kaki miliyan ɗaya zai ci tan 3,500. Idan kadada tana ba da tan ɗaya, amfanin kadada 3,500 ke nan kacal. Ƙananan hukumomi kaɗan a kudancin Jihar Katsina za su iya cike wannan a shekarar da aka yi noman auduga sosai.

Ƙari a kan haka, yawancin kakin zamani ba auduga ce zalla ba. Ana gauraya ta da zaren roba na foliyesta domin ƙarko da saurin bushewa, kuma gaurayen da aka fi sani shi ne kashi 65 na roba da 35 na auduga. Da irin wannan yadi, lissafinmu zai ragu zuwa kusan sulusi.

To, mene ne amfanin dokar ke nan? Amfaninta ba a yawan audugar da kaki zai cinye yake ba. Masaƙa tana mutuwa ne idan ba ta da tabbacin wanda zai sayi abin da ta saƙa. Kwangilar gwamnati mai maimaituwa kowace shekara, ta sojoji, 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, gandurobobi, masu yi wa ƙasa hidima, zannuwan gadon asibitoci da inifom ɗin 'yan makaranta, ita ce ke ba mai masaƙa ƙarfin gwiwar gyara injina da karɓar rance. Masaƙar da ta tsaya da ƙafarta ta wannan hanya za ta saƙa wa kasuwa atamfa da sauran yadi, kuma a nan ne ake cin auduga mai yawa. Wato kwangilar kaki kamar turken tsakiyar rumfa take, ba ita ce inuwar ba, amma in babu ita rumfar ba ta tsayuwa.

Yadda muka zo nan

Dattawa sun san lokacin da wannan sarƙa take haɗe. Tun kafin zuwan Turawa, Kano ta shahara da saƙa da rini, tufafinta suna kaiwa har ƙetaren Sahara. A farkon ƙarni na ashirin Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta gina gidajen gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa, amma burinta shi ne kai auduga masaƙun Ingila. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wasu manya suka biyo baya a Kaduna, Kano, Funtuwa, Gusau, Legas da Aba, har harkar ta zama ɗaya daga cikin mafi ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan bayan gwamnati.

A wancan zamani Hukumar Auduga ce ke raba iri, ta tsayar da farashi, ta kuma tsara fuloti inda ake duba auduga a ba ta lamba kafin a auna. Hukumar tana da laifuffukanta, domin sau da yawa farashin da take biyan manomi bai kai na kasuwar duniya ba. A 1986 aka rushe ta tare da sauran hukumomin amfanin gona. Manomi ya samu 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, amma abubuwa biyu suka tafi da hukumar: tsaftar iri da tantance daraja. Dillalai suka shiga ƙauyuka suna sayen kowace irin auduga kuɗi ɗaya, mai tsafta da mai datti. Wanda yake wahalar ware audugarsa ya ga babu riba, ya daina. Su kuwa masaƙu, rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina da fasa-ƙwauri suka taru a kansu. A farkon 2005 kuma aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya, kayan Asiya suka ƙara malala ko'ina. Yawancin manyan masaƙun Kaduna sun rufe a shekarun 2000.

Abin da mai masaƙa yake nema a audugarka

Ko da an gyara doka gobe an ce sai audugar gida, mai kaɗi ba zai iya yin zaren kirki da mummunar auduga ba. Idan ya kasa cika sharaɗin ingancin da hukuma ta sa, ɗan kwangila zai je ya nemi izinin shigo da na waje da hujjar cewa babu irinsa a gida, kuma ƙa'ida ta buɗe masa wannan ƙofa. Don haka ingancin abin da ka tsinko yana cikin abubuwan da ke rufe ƙofar ko su bar ta a buɗe.

Babbar matsalar da ta ɓata sunan audugar Nijeriya ita ce zaren buhun roba. Manomi yana tsinkar auduga yana zubawa a tsohon buhun taki ko na hatsi, ya ɗinke bakinsa da igiyar roba. Siraran zaren buhun suna tsinkewa su shige cikin audugar. Injin gurza ba ya raba su, sai ma ya daddatsa su ƙanana. Suna bin auduga har cikin zare, har cikin yadi, kuma da yake fari ne kamar auduga, ido ba ya ganinsu. Sai an kai yadin rini asiri ke tonuwa, domin wannan roba ba ta kama rinin da auduga ke kamawa. Sai ka ga yadi kore ko baƙi da fararen layuka sirara a jikinsa. Babu hukumar da za ta karɓi kakin fareti a haka. Na taɓa shiga wani gidan gurza na tarar da mata fiye da ashirin a zaune suna tsince zaren roba da gashin kaji da ledar ruwa daga tarin auduga da hannu. Mai wurin ya nuna mini abin da suka tsince a yini ɗaya, ya cika kwando. Ladan waɗannan mata, a ƙarshe, daga farashin da ake biyan manomi ake zabge shi.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A yi tsinka cikin jakar yadin auduga, ko tsohon zane, ko kwando. A ɗaure da igiyar auduga. A shanya a kan tabarma ko dandamali mai tsafta, ba a kan turɓaya ba. A ajiye a ɗakin da kaji da awaki ba sa shiga. Idan ƙungiyarku tana da mai saye tsayayye, ku nemi ya ba ku buhunan yadi tun kafin kaka, domin shi ne zai fi kowa cin ribarsu.

Abu na biyu shi ne iri. Injin kaɗi ana saita shi ne bisa tsawon silin auduga, kuma yana son sili mai tsawo iri ɗaya. Idan aka gauraya iri daban-daban a gona ɗaya, ko aka sayi angurya a kasuwa ba a san asalinta ba, sili zai fito wani dogo wani gajere, zare ya riƙa tsinkewa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ke da alhakin binciken auduga a ƙasar nan, ta fitar da irin SAMCOT 8, 9 da 10 masu matsakaicin sili domin yankunan Arewa, da SAMCOT 11, 12 da 13 masu dogon sili. A 2018 kuma aka amince da wasu iri biyu da aka sanya wa kariya daga tsutsar ƙwallon auduga, wato MRC 7377 da MRC 7361. Waɗannan biyun haɗaɗɗun iri ne, ba a mayar da anguryarsu gona, sai an sayi sabo kowace shekara, kuma kariyarsu ba ta shafi ƙwari masu tsotson ruwan ganye ba. Ka tuntuɓi malamin gona ya gaya maka wanda ya dace da yankinka. Abin da ya fi kyau shi ne manoman ƙauye ɗaya su haɗu a kan iri ɗaya, domin gidan gurza ya samu kaya bai ɗaya da zai iya yi wa shaida.

Na uku shi ne lokacin shuka. A yawancin yankunan Arewa ana son a shuka auduga daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Na san dalilin da ya sa ake jinkiri, sai an gama da gero da dawa da masara kafin a waiwayi auduga, kuma ba za a zargi magidanci don ya fara da abin da iyali za su ci ba. Amma audugar da aka shuka a ƙarshen Yuli ruwa kan ɗauke mata kafin ƙwallo ya ƙosa. Silin da bai ƙosa ba ba shi da ƙarfi, yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana a cikin zare, kuma shi ma ba ya shan rini daidai. Idan ba za ka iya shuka kadada biyu a kan kari ba, gara ka shuka ɗaya a kan kari.

Wajen tsinka, a jira raɓa ta bushe kafin a shiga gona. A yi tsinka sau biyu ko uku maimakon a bar ƙwallayen farko su daɗe a buɗe ƙura da rana suna ɓata su. A riƙe jaka biyu, fara tas a ɗaya, wadda ƙwaro ya ɓata ko ta yi ja a ɗaya. Game da masu yayyafa ruwa ko zuba yashi da tsakuwa domin ƙara nauyi, ribar yini ɗaya ce. Jiƙaƙƙiyar auduga tana zafi a cikin tari, ta canza launi, anguryarta ta lalace, tsakuwa kuma tana karya haƙoran injin gurza, wani lokaci ma ta haddasa gobara. Mai saye da ya gamu da haka sau ɗaya zai rage wa garin gaba ɗaya farashi a shekara mai zuwa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kafin ka ƙara faɗin gona

Sanarwar gwamnati ba ciniki ba ce. Kada ka ƙara kadada saboda labarin da ka ji a rediyo, sai ka san wanda zai saya. Idan wani kamfani ya zo wa ƙungiyarku da maganar noman kwangila yana cewa yana da aikin kaki, ku tambaye shi wane gidan gurza zai kai kayan, wace masaƙa ce za ta kaɗa. Ku nemi a rubuta farashi mafi ƙanƙanta da za a biya, da ƙarin da za a yi wa auduga mai lamba ɗaya, domin idan mai tsafta da mai datti kuɗinsu ɗaya ne, duk bayanin da na yi a sama wahala ce kawai a gare ku. A rubuta kuɗin iri da taki da maganin feshi da aka ba ku bashi tun ranar da aka kawo su, da ranar da za a biya ku bayan awo. A auna a gabanku, da sikelin da kuka yarda da shi. Kowane ɓangare ya riƙe kwafen takardar, kuma malamin gona ko mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida.

Ku ma akwai abin da ke kanku. Manomin da ya karɓi kayan noma bashi sa'an nan ya sayar wa wani dillali a ɓoye saboda ƙarin naira kaɗan, ya karya yarjejeniyar da maƙwabtansa ke dogara da ita, kuma wannan ɗabi'a tana cikin abin da ya sa kamfanoni da dama ke ɗari-ɗari da ba da bashin kayan noma.

Bayan tsinkar ƙarshe, a tuge karan auduga a ƙone ko a binne kafin damina ta gaba, kada a bar shi a gona ko a jingine a bayan gida, domin a cikin busassun ƙwallayen da suka rage ne jar tsutsar auduga ke kwana har ta jira sabuwar shuka.